Su wa ke rubuta wa gwamnati abin da take karanta mana?

Ɗan_Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai. Kusan duk ranar da na kunna labarai sai na ji an ce "wata cibiyar nazari da ke Washington ta yi gargaɗin kaza", ko "masana a cibiyar Chatham House ta Landan sun ba da shawarar kaza". Mutanen nan ba zaɓensu aka yi ba, ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kuma ba jami'a ba ce. To da gaske suna juya akalar gwamnati, ko dai rahoto kawai suke bugawa, a yi taro, a tafa, kowa ya kama gabansa? Ni dai a ganina yawancin abin holoƙo ne, hadarin kaka. Ɗan siyasa abin da zai kawo masa ƙuri'a yake bi, ba takardar wani dakta ba. Wanda ya san kan abin ya ƙara mana haske.

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, wani ya taɓa fassara min sunansu na Turanci, "think tank", da "tankin tunani". Na ce masa to Allah ya sa tankin ba ya yoyo.

Malama_Siyasa:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Alƙalami, da rabinsu ka ce holoƙo ne da ban musa ba. Amma bari in ba ka misali ɗaya ka auna da kanka. Akwai cibiyar Heritage a Amurka, an kafa ta a 1973. Waɗanda suka kafa ta sun lura da cewa rahoton masana yakan iso majalisa bayan an riga an kaɗa ƙuri'a, wato ihu bayan hari. Sai suka ce su nasu aikin gajeren rubutu ne, wanda zai isa hannun ɗan majalisa kafin ranar muhawara. Da Ronald Reagan ya ci zaɓe a 1980, kafin ma a rantsar da shi sun miƙa wa mutanensa kundi mai shafi sama da 1,000, ɗauke da shawarwari kusan 2,000, ma'aikata bayan ma'aikata: wannan ofishi a rage shi, waccan doka a soke ta, wannan kuɗi a mayar da shi can. Reagan ya raba wa ministocinsa kundin. Daga baya cibiyar ta ce an aiwatar ko an fara aiwatar da kusan kashi 60 cikin 100.

Ka lura na ce "cibiyar ta ce". Mai kaya ne yake yabon kayansa, kuma da irin wannan adadin suke zuwa wurin masu ba su kuɗi. Amma ko ka raba shi biyu, abin da ya rage ba holoƙo ba ne.

Abu_Yasir:
Kuma sun maimaita. Project 2025 ai su ne suka jagorance shi, kundi mai shafi kusan 900 da ya fito a 2023. Lokacin yaƙin neman zaɓe Trump ya ce bai san komai a kansa ba. Da ya hau mulki, Russell Vought da ya rubuta babi guda a ciki shi ya zama shugaban ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa, Brendan Carr da ya rubuta babin hukumar sadarwa shi ya zama shugaban hukumar. Biri ya yi kama da mutum.

Tsohon_Darakta:
Salamu alaikum. Ni na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma kusan goma daga ciki a sashen tsare-tsare na yi su. Bari in gaya muku abin da idona ya gani, ba wanda na karanta ba.

A ofishina akwai wata doguwar kanta da ta cika maƙil da rahotanni. Bango mai sheƙi, takarda mai kauri, hotuna masu kyau. Wasu ko ledarsu ba a yage ba har na bar wurin. Idan ɗana Ɗan_Alƙalami ya ga kantar nan zai ce ai ga hujjata. To amma akwai ranar da ba na mantawa. An kira minista taron gaggawa, saura awa uku, kuma ana son ya je da matsaya kan wani batu da mu a ma'aikatar ba mu gama ko tattara alƙalumansa ba. Mai taimaka masa ya shigo ofishina a guje. Na buɗe durowa na ɗauko wata takarda mai shafi biyu da wata cibiya ta aiko watanni huɗu kafin nan, wadda na ajiye don kawai na ga an rubuta ta da tsabta. A mota minista ya karanta ta. Da yamma da na ga bayanin taron, jimloli uku daga takardar nan sun shiga kusan kalma da kalma. Rahoton asali mai shafi 200 yana nan kan kanta, ba wanda ya taɓa shi.

Gwamnati ba ta da lokacin tunani, wannan ita ce gaskiyar da ba a son faɗa. Kullum kashe wuta ake yi. Duk wanda ya riga ya yi tunanin ya rubuta ya ajiye a inda hannu zai kai, ranar da wuta ta tashi shi za a ɗauka.

Ɗan_Alƙalami:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ai labarinka rabi nawa ne. Takarda ɗaya ta yi aiki, ɗari suna shan ƙura.

Tsohon_Darakta:
Haka ne ɗana. Sai dai ita ɗayar nan ta zama dokar da mutane suka zauna a ƙarƙashinta. Ɗarin ba su cuci kowa ba in ban da bishiyoyin da aka sare.

Mai_Lissafi:
Ni ina ganin kuna kallon abin kurkusa da yawa. Babban tasirinsu ba a wata uku ake ganinsa ba, a shekara ashirin ne. Ku duba Ingila. Wani mutum mai suna Antony Fisher, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, ya je wurin masanin tattalin arziki Friedrich Hayek bayan yaƙin duniya na biyu ya ce yana son shiga siyasa don ya yaƙi yadda gwamnati ke mamaye tattalin arziki. Hayek ya ce masa kada ya ɓata lokacinsa a majalisa, ya nemi malamai da 'yan jarida da marubuta, domin su ne suke tsara abin da jama'a za su ɗauka a matsayin hankali. Fisher ya yi kuɗi a kiwon kaji, ya kafa cibiyar nazarin tattalin arziki ta IEA a 1955. Shekara da shekaru suna buga ƙananan littattafai ana yi musu kallon masu taɓin hankali, domin a lokacin jam'iyyun biyu duk sun amince gwamnati ta riƙe jirgin ƙasa, lantarki, kwal da sauransu. A 1974 Keith Joseph da Margaret Thatcher suka kafa tasu cibiyar, CPS. A 1979 Thatcher ta zama firaminista. Daga nan aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati, sadarwa a 1984, iskar gas a 1986, haka dai. Daga 1955 zuwa 1979, shekara 24 tsakanin shuka da girbi. Shi kuwa Fisher bai tsaya nan ba, a 1981 ya kafa Atlas don ta taimaka a kafa irin waɗannan cibiyoyi a wasu ƙasashe.

Sarkin_Gardama:
Malam Mai_Lissafi, labarin ya yi daɗi da yawa, shi ya sa ban yarda da shi ba. Ka tsallake 1976, lokacin da Ingila ta je roƙon bashi wurin IMF. Ka tsallake yajin aikin hunturun 1978 zuwa 1979 da shara ta taru a titunan Landan. Mutane gajiya suka yi, ba littattafan mai kaji suka karanta ba. Ko da babu cibiya ko ɗaya, da an canza gwamnati.

Malama_Siyasa:
Da an canza gwamnati, haka ne. Amma canzawa zuwa ina? Nan ne gizo ke saƙa. Rikici shi yake buɗe ƙofa, ba cibiya ba. Sai dai idan ƙofar ta buɗe, wanda yake tsaye a bakinta da kayansa a ɗaure shi yake fara shiga. Faɗuwa ce take zuwa daidai da zama, kuma su zaman suka daɗe suna shiryawa. Wannan shi ne labarin Baba Tsohon_Darakta, sai dai a babban sikeli.

A fagenmu akwai abin da ake kira tagar Overton, sunan wani Joseph Overton ne da ya yi aiki a cibiyar Mackinac a jihar Michigan. Ma'anarsa mai sauƙi ce: a kowane zamani akwai iyakar abin da ɗan siyasa zai iya furtawa ba tare da an ce ya zautu ba. Ɗan siyasa ba ya fita daga tagar. Aikin cibiyar shi ne ta riƙa tura tagar a hankali har abin da jiya ya zama hauka yau ya zama "ɗaya daga cikin zaɓuɓɓuka". Abin dariya, shi Overton ya tsara bayanin ne don ya nuna wa masu ba da kuɗi dalilin da ya sa ya kamata su ba cibiyarsa.

Ummu_Hanif:
Ni duk wannan ban damu da shi ba kamar tambaya ɗaya: wa yake biyansu? Mutum ya yi digiri uku, yana zaune a ofis mai sanyi, ba ya sayar da komai, rahotonsa kyauta yake rabawa. Albashin daga ina? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗan_Jarida_77:
Hajiya ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A watan Satumba na 2014 jaridar New York Times ta fito da wani bincike kan yadda gwamnatocin ƙasashen waje suke zuba miliyoyin daloli a cibiyoyin nazari na Washington, ciki har da Norway da Qatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Abin da ya sa ake so shi ne, idan ka ɗauki ɗan kamasho ya je majalisa ya yi maka magana, kowa ya san naka ne. Idan "masani mai zaman kansa" ya faɗi magana iri ɗaya, sai ta fi nauyi.

Misalin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 2017. Tarayyar Turai ta ci kamfanin Google tarar yuro biliyan 2.42. Wani mai bincike a cibiyar New America, Barry Lynn, ya fitar da sanarwa yana yaba hukuncin. Google da shugabansa na lokacin Eric Schmidt suna cikin manyan masu ba cibiyar kuɗi. Ba a yi wata uku ba aka raba gari da Lynn da tawagarsa. Shugabar cibiyar ta ce ba Google ba ne dalili, halayyarsa ce da abokan aiki. Kowa ya ɗauki wanda ya ga dama. Ƙarashen labarin shi ne ɗaya daga cikin matasan da suka yi aiki a tawagar, Lina Khan, ita ta zama shugabar hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka a 2021, ta shiga fafatawa da manyan kamfanonin fasaha a kotu.

Mu ma 'yan jarida muna da laifi. Ƙarfe biyar ta yi, edita yana jira, kana buƙatar "masani" ya faɗi jimla biyu. Malamin jami'a ba zai ɗauki waya ba, in ya ɗauka zai ce "abin ya danganta". Mutumin cibiya zai ɗauka a ƙara ta biyu, ya ba ka magana a daddatse daidai da labari. Sau nawa muke rubuta wanda yake biyansa a ƙarƙashin sunansa? Ni dai na yi shekaru ban rubuta ba.

Mai_Bincike:
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, amma tunda an iso kan albashina bari in yi magana. Shekara takwas ina aiki a irin wannan cibiya, ba zan faɗi sunanta ba. Ba wanda ya taɓa kira na ya ce "rubuta ƙarya". Ba haka abin yake tafiya ba, kuma da haka yake da ya fi sauƙin ganewa. Abin da ke faruwa shi ne, tambayar da za a yi bincike a kai ita ake saya, ba amsar ba. Akwai kuɗi don a binciki yadda za a faɗaɗa wani shiri, babu kuɗi don a binciki ko shirin ma ya cancanci wanzuwa. Ka ga duk abin da na rubuta gaskiya ne, amma gaskiyar da aka zaɓa.

Sau ɗaya na taɓa cin karo kai tsaye. Mun auna wani shiri da mai ba mu tallafi yake alfahari da shi, alƙaluma suka nuna bai canza komai ba. Aka kira taro. Ba wanda ya ce a goge. Cewa aka yi "a ƙara ba wa sakamakon mahalli". Jimlar da take a shafin farko ta koma shafi na 47, kalmar "bai yi tasiri ba" ta koma "tasirin bai bayyana ba tukuna". Na sa hannu. Ina da yara a makaranta.

Amma Hajiya Ummu_Hanif, kada a yi mana kuɗin goro. Ma'aikatar gwamnati ma tana da abin da take karewa, jam'iyya tana da nata, jami'a ma ba mala'iku ne a ciki ba.

Ummu_Hanif:
Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya, ba kowa zai iya ba. Ni ban ce a rufe ku ba. Cewa na yi a rubuta a bangon rahoto: wane ne ya biya, nawa ya biya. Sauran a bar mu mu yi wa kanmu alƙalanci.

Mai_Bincike:
A nan ba mu da saɓani. Akwai ma wata ƙungiya, Transparify, da ta fara ba cibiyoyi maki tun 2014 bisa yadda suke bayyana masu ba su kuɗi. Wasu sun gyara saboda kunya. Wasu har yau ko a jikinsu.

Abu_Yasir:
Ana ta maganar haraji da kamfanoni, an manta da inda aka zubar da jini. A watan Janairun 1998 wata ƙaramar cibiya mai suna PNAC ta rubuta wa Bill Clinton wasiƙa tana neman a kawar da Saddam Hussein. Cheney, Rumsfeld, Wolfowitz, Bolton duk sun sa hannu. Bayan shekara uku su ne a cikin gwamnatin Bush. A watan Maris na 2003 aka shiga Iraƙi. Wannan ma holoƙo ne?

Malama_Siyasa:
Ƙaramin gyara Malam Abu_Yasir: Cheney bai sa hannu a wasiƙar 1998 ba. Abin da ya sa wa hannu shi ne sanarwar manufofin cibiyar ta 1997. Rumsfeld da Wolfowitz da Bolton kam suna cikin masu wasiƙar, tare da Armitage da Khalilzad. Amma maganarka tana nan daram, har ma ta nuna wani abu: ba takarda ce ta shawo kan gwamnati ba, masu takardar ne suka zama gwamnatin. A Amurka sabon shugaba yana naɗa muƙamai kusan 4,000. Idan jam'iyya ta faɗi zaɓe, mutanenta ba gida suke komawa ba, cibiyoyin nan suke shiga su jira. John Podesta ya kafa cibiyar CAP a 2003 lokacin da 'yan Democrat suke waje, a 2008 yana cikin masu jagorantar kwamitin karɓar mulki na Obama. Kowane ɓangare yana da ɗakin jiransa.

Gaskiya_Ɗaci:
Ai shi ya sa nake cewa su ne gwamnatin duniya ta ɓoye. Shugabanni duk 'yan amshin shata ne.

Sarkin_Gardama:
Kai kuma ka zo. Gwamnatin ɓoye da take buga rahotonta a intanet tana roƙon a karanta? A watan Satumban 2002 malaman huldar ƙasa da ƙasa 33 sun sayi fili a New York Times suka ce yaƙi da Iraƙi ba maslahar Amurka ba ce. Cibiyar Carnegie ta kawo shawarar a tsananta binciken makamai maimakon mamaya. Wa ya saurare su? Masana suna nan a kowane ɓangare. Mai mulki ne yake zaɓar wanda zai jingina da shi, kamar mai zaɓen lauya. Wannan ma ya fi kusa da maganar Ɗan_Alƙalami ta farko.

Mai_Lissafi:
Tunda ni na kawo nasarar IEA, adalci ne in kawo ranar da tankin Sarkin_Gardama ya yi yoyo. Liz Truss, tsohuwar firaministar Ingila, ta daɗe tana ɗasawa da cibiyoyin nan masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara. Ranar 23 ga Satumba 2022 ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba, kuma ba a bari ofishin da ke tantance hasashen kasafi ya fitar da nasa lissafin ba. Shugaban IEA na lokacin ya fito yana murna. Cikin kwana uku fam ya faɗi ƙasa da yadda ya taɓa faɗuwa a kan dala, ranar 28 ga wata Babban Bankin Ingila ya shiga sayen takardun bashin gwamnati don kada asusun fansho su durƙushe. Kwana 49 ta yi a kujera. Kasuwar da suke cewa a saurara ita ce ta kore su.

Tsohon_Darakta:
Kuma wa ya rasa aikinsa a cibiyar washegari? Wannan ne yake ci min tuwo a ƙwarya. Ni idan na ba da shawara ta ɓaci, fayil yana nan da sa hannuna, kwamiti zai kira ni. Minista zai fuskanci majalisa, ɗan majalisa zai fuskanci masu zaɓe. Mai rahoto kuwa sai ya rubuta wani sabon rahoton yana bayanin cewa ba a aiwatar da shawararsa yadda ya kamata ba.

Ɗalibar_Tattali:
Malamaina, a yi min afuwa, duk misalan Amurka da Ingila ne. Ƙasashe masu tasowa fa? A karatunmu an nuna mana yadda a 1980 shugabannin Afirka suka amince da Shirin Legas, wanda hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Adebayo Adedeji ta taka rawa wajen tsarawa, yana cewa a dogara da kai a gina masana'antu. A 1981 Bankin Duniya ya fito da rahoton Berg yana cewa a karya darajar kuɗi, a rage hannun gwamnati, a buɗe kasuwa. Na biyun aka bi. Ba don ya fi hujja ba ne kawai, ai shi ne ya zo da bashi a bayansa.

Mai_Lissafi:
Ƙanwata kin yi karatu. Sai dai Bankin Duniya ba cibiyar nazari ba ce, banki ne mai sashen bincike, kuma bambancin shi ne abin da kika faɗa da bakinki: shi yana iya cewa in ba ka bi ba babu kuɗi. Cibiya ba ta da wannan sandar. Amma akwai alaƙa. Kalmar nan "matsayar Washington" da aka yi ta jifan juna da ita, John Williamson ne ya ƙirƙire ta a 1989, kuma a wata cibiyar nazari yake aiki, wadda yanzu ake kira Peterson. Jerin manufofi goma ya rubuta game da Latin Amurka, sunan ya fi ƙarfinsa, ya yi shekaru yana cewa ba haka yake nufi ba.

Mai_Bincike:
Ɗalibar_Tattali, matsalar tana nan har gobe. Cibiyoyi da yawa a ƙasashe masu tasowa kusan duk kuɗinsu daga waje yake zuwa, kuma na aiki ɗaya-ɗaya ne, wata goma sha biyu ko sha takwas. Bana an ce sauyin yanayi, kowa ya zama masanin yanayi. Baɗi an ce fasahar zamani, a sake kan takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ba da kwano shi yake nuna inda za a lika. An yi wani shiri daga 2008 zuwa 2019 da cibiyar IDRC ta Kanada ta gudanar tare da gidauniyoyin Hewlett da Gates, wanda ya ba cibiyoyi kusan arba'in a Afirka da Asiya da Latin Amurka kuɗin gudanarwa ba tare da an ɗaure su da maudu'i ba. Waɗanda suka samu sun ce a lokacin ne suka yi numfashi. Ya ƙare, an koma gidan jiya.

Abu_Yasir:
To gwamnati ta riƙa biya mana, a huta.

Malama_Siyasa:
Ana yi. Koriya ta Kudu ta kafa cibiyar nazarin ci gaban ƙasa ta KDI a 1971, ta jawo 'yan ƙasarta masu digirin tattalin arziki daga waje, suka yi aiki a kan tsare-tsaren shekara biyar-biyar. Indiya ta rushe hukumar tsare-tsarenta ta kafa cibiyar nazarin manufofi ta NITI Aayog a farkon 2015. Sin tana da manyan cibiyoyi a ƙarƙashin majalisar gudanarwar ƙasar. Jamus ta bi wata hanya daban: manyan jam'iyyu suna da gidauniyoyinsu, irin su Konrad Adenauer da Friedrich Ebert, kuma daga baitulmali ake ba su kuɗi, kowa ya san ta wace jam'iyya ce. To amma karin maganar Hajiya Ummu_Hanif ba ta canza ba, kuturun ne kawai ya canza. Cibiyar da shugaban ƙasa ke naɗa wa shugaba, ranar da za ta ce masa ya yi kuskure sai ta kalli ƙofa tukuna.

Ɗalibar_Tattali:
Amma akwai inda binciken ya yi amfani tsakani da Allah ko? Kada mu tashi da cewa duk wasa ne.

Mai_Bincike:
Akwai sosai. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, ana ba iyaye mata matalauta kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti. Tun farko aka tsara a auna shi: ƙauyuka 506, wasu suka fara karɓa, wasu suka jira, aka ba cibiyar IFPRI ta Washington aikin tantancewa. Sakamakon ya nuna yara sun ƙara zama a makaranta, rashin lafiya ya ragu. Da jam'iyyar da ta shekara 71 tana mulki ta faɗi a 2000, sabuwar gwamnati ba ta soke shirin ba kamar yadda aka saba, suna kawai ta canza masa, kuma ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Sai dai a 2019 wata gwamnatin ta zo ta rufe shi duk da tarin hujjojin. Kin ga bincike ya saya masa kusan shekara ashirin, bai saya masa dawwama ba.

Tun da can ma, cibiyar da ta zama Brookings tana cikin waɗanda suka matsa har Amurka ta yi dokar kasafin kuɗi ta 1921. Kafin nan ma'aikatu kowace da kanta take kai buƙatarta majalisa. Irin wannan aikin ba ya shiga kanun labarai.

Ɗan_Alƙalami:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Na janye "holoƙo", amma ban janye duka ba. Abin da na fahimta daga Baba da Malama shi ne ba sa tilasta wa kowa, kayan aiki suke ajiyewa a bakin ƙofa, da mutanen da za su riƙe kayan. Amma har yanzu ina tare da Sarkin_Gardama a kan cewa ɗan siyasa ne mai zaɓa. In ba haka ba, a bayyana min wannan: na ji an ce tilasta wa kowa sayen inshorar lafiya, wanda 'yan Republican suka yi ta yaƙa a dokar Obama, daga Heritage ya fito. Gaskiya ne?

Malama_Siyasa:
Gaskiya ne a dunƙule. Stuart Butler na Heritage ya kawo shawarar a 1989, Mitt Romney ɗan Republican ya sa hannu a kan doka mai irin wannan sharaɗi lokacin yana gwamnan jihar Massachusetts a 2006, Obama ya sa shi a dokarsa ta 2010, Heritage kuma ta dawo tana yaƙarsa, tana cewa nata ya bambanta. Kai kana ganin wannan hujjarka ce, cewa siyasa ce ke ja. Ni kuma ina ganin hujjata ce: shawarar ta yi shekara 21 tana yawo har ta zama doka a hannun abokan hamayyar masu ita.

Sarkin_Gardama:
Wato kowa ya ci. Malama, wannan irin alƙalanci ai sai a makaranta.

Ummu_Hanif:
Ni har yanzu ba a amsa min ba. Wanda ya rubuta takardar shafi biyun nan ta Baba, wa ya biya shi?

Tsohon_Darakta:
Hajiya, wallahi ban duba ba. Saura awa uku taro.